Tambaya da Amsa: Me Kamfanoni Ke Saya Idan Sun Biya Kuɗi Don A Bar Daji A Tsaye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Zinder, ina da rumfa a kasuwar Dole, ina kuma da gonar gado a wajen Mirriya. Kwanakin baya na ji a rediyo cewa manyan kamfanonin Turai da Amurka suna zuba miliyoyin kuɗi domin kada a sare dazuzzuka a Afirka da Barazil, alhali ba sa ɗaukar katako ko gawayi, wasunsu ma ba su taɓa taka dajin da ƙafarsu ba. Da na kawo maganar a majalisarmu bayan sallar isha'i, sai wani ya ce ai iska suke saya, aka yi ta dariya. Ni dai na san banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma duk shekarun da na yi ina ciniki ban taɓa ganin wanda ya miƙa kuɗinsa ya juya hannu rabbana ba. Don Allah a warware mini, mene ne suke saya, kuma ina ribarsu take?

Daga wani mai karatu, unguwar Zango, Zinder

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokin majalisarku ya yi maganarsa ne don raha, amma bai yi nisa da gaskiya ba, domin abin da ake cinikinsa yana da alaƙa da iska, sai dai abin da ke shiga hannun mai saye takarda ce mai lamba, wadda ake kira takardar kabon.

Duk lokacin da aka ƙona fetur ko gas ko kwal, wata iska da masana ke kira kabon dayoksaid tana tashi ta taru a sararin samaniya, ta riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki, kuma taruwarta ce babban dalilin ɗumamar duniya. A shekarar 2023 kaɗai, abin da duniya ta fitar ta wannan hanya ya kai kimanin tan biliyan 37. Itace kuwa wannan iskar yake shaƙa ya gina jikinsa da ita, har kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kuma ranar da aka sare shi aka ƙona, kowane tan ɗaya na kabon da ke jikinsa zai koma sama a matsayin kusan tan 3.67 na iskar. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2020 ana sare kimanin hekta miliyan 10 na daji kowace shekara. Daga nan tunanin ya samo asali: tunda iskar da ta tashi daga masana'anta a Jamus da wadda ta tashi daga dajin da aka ƙona a Kwango duk a sama ɗaya suke haɗuwa, to mai masana'antar yana iya biyan kuɗi a hana ƙona dajin, a rubuta masa cewa ya hana tan kaza tashi, shi kuma ya cire wannan adadi daga lissafin hayaƙinsa. Kowace takarda ɗaya tana wakiltar tan ɗaya. Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 kan ɗumamar duniya ce ta buɗe ƙofar irin wannan ciniki tsakanin ƙasashe, sannan a taron Montreal na 2005 ƙasashen Papua New Guinea da Kosta Rika suka kawo shawarar a riƙa biyan ƙasashe masu daji ladan barinsa a tsaye, tsarin da aka san shi yanzu da sunan REDD+.

Ribar farko, kuma wadda duk sauran suka jingina da ita, ita ce arha. Kamfanin da ya yi alkawarin rage hayaƙinsa yana da hanyoyi biyu a gabansa, ko dai ya sauya injunansa da makamashinsa, ko ya biya wani ya rage a madadinsa. Hanya ta farko tana cin kuɗi ƙwarai, kuma a wasu sana'o'in ma babu ita tukuna. Jirgin sama mai dogon zango ba ya tashi da batir, man da ake haɗawa daga tsirrai da ragowar mai don maye gurbin kananzirsa ya ninka na yau da kullum tsada aƙalla sau biyu, mai yin siminti kuma ko da hasken rana ya kunna masana'antarsa, dutsen da yake gasawa da kansa yana sakin iskar. A kasuwar Tarayyar Turai, inda doka ta tilasta wa manyan masana'antu mallakar izinin kowane tan da suka fitar tun 2005, farashin tan ɗaya ya haura yuro 100 a watan Fabrairun 2023. Takardar kabon ta daji kuwa galibi ba ta wuce dalar Amurka 5 zuwa 10 ba, wani lokacin ma ƙasa da haka (dalar Amurka nake nufi, kada a ɗauka dalarmu ce ta sefa biyar). Ita wannan kasuwa ta Turai ba ta karɓar takardun daji, na kawo ta ne kawai don ka ga tazarar da ke tsakanin abin da rage hayaƙi yake ci a can da abin da ake biya a nan. Ɗan kasuwa kamarka ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan abin da zai faru idan kaya iri ɗaya suna da farashi biyu masu nisa haka.

To me zai sa kamfani ya yi alkawarin tun farko, idan babu wanda ya tilasta masa? A nan ne batun suna yake shigowa. Bayan yarjejeniyar Paris ta 2015, masu saye a ƙasashen masu arziki, musamman matasa, da bankuna da masu zuba jari, sun fara tambayar kamfanoni abin da suke yi game da ɗumamar duniya, har ta kai ga kalmar da ke cewa kaya ba su ƙara wa duniya hayaƙi ba ta zama abin talla mai kawo ciniki. Kamfanin jiragen sama na Delta ya sanar a 2020 cewa zai kashe dalar Amurka biliyan 1 cikin shekara goma a kan wannan manufa. Kamfanin mai na Shell ya fara a Holan a 2019 yana ce wa direbobi su ƙara kwabo ɗaya na yuro a kan kowace lita, a saya musu takardun daji da shi, su tuƙa motarsu da kwanciyar hankali. Kamfanin kayan ƙawa na Gucci shi ma a 2019 ya ayyana kansa a matsayin wanda ya goge hayaƙinsa baki ɗaya, kuma da takardun daji ya yi lissafin. Akwai takardun kabon iri-iri, wasu daga injunan iska masu ba da lantarki, wasu daga murhunan girki masu tsimin itace, amma na daji sun fi farin jini wurin masu talla saboda suna zuwa da hoto: kurmi kore shar, giwaye, yaran ƙauye a gaban sabuwar makaranta. Hoton tacewar hayaƙi a bututun masana'anta ba ya sayar da jakar hannu.

Akwai kuma waɗanda doka ce take bin su. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta amince a 2016 da wani tsari mai suna CORSIA, wanda ya wajabta wa kamfanonin jirage su sayi takardu don rufe ƙarin hayaƙin da zirga-zirgarsu tsakanin ƙasashe ta haifar, kuma daga 2027 zai zama dole a kan mafi yawan manyan ƙasashe. Kolombiya da Afirka ta Kudu suna da harajin kabon, sun kuma bar ƙofa kamfani ya biya wani ɓangare da takardu maimakon tsabar kuɗi, haka ma jihar Kalifoniya a Amurka tana karɓar takardun dazuzzukan ƙasarta har zuwa wani ƙaramin kaso. Wasu kamfanonin kuma suna saye tun yanzu ne saboda sun hango cewa doka za ta tsananta, farashi ya tashi, kamar yadda mai hali yake sayen hatsi da kaka ya ajiye kafin bazara. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na kamfanin mai na Hess, wanda ya ƙulla da ƙasar Guyana ta Kudancin Amurka a Disamban 2022 cewa zai sayi takardu miliyan 37.5 a kan aƙalla dalar Amurka miliyan 750, alhali a lokacin shi ɗin yana cikin masu haƙar mai a tekun ƙasar. Wanda ya dubi wannan ciniki zai ga kariyar daji a ciki, zai kuma ga kamfanin da yake gyara zamansa da gwamnatin da arzikinsa ke hannunta. Ba na musun cewa akwai masu saye da kyakkyawar niyya, waɗanda suka rage abin da za su iya ragewa sannan suka nemi hanyar rufe saura, da masu sayen koko da kofi waɗanda suka san cewa idan daji ya tafi ruwan sama zai bi shi, amfanin gonar da suke dogaro da shi ya lalace.

Yanzu bari in zo kan wurin da cinikin yake da rauni, domin a nan ne tambayarka ta fi nauyi. Idan ka sayi buhun gero kana iya kwance bakinsa ka zura hannu. Mai sayen takardar kare daji kuwa yana biyan kuɗin abin da bai faru ba, wato saran da aka ce da an yi shi in ba don kuɗinsa ba, kuma babu mahalukin da zai iya auna abin da bai faru ba, sai dai a yi kintace. Ka ɗauka kun ɗauki mai gadi a layinku na kasuwa, kuka yi yarjejeniya cewa za ku biya shi gwargwadon yawan ɓarayin da ya hana zuwa, kuma shi ne zai faɗa muku ɓarayi nawa ne da sun zo in ba ya nan. Ko mutumin kirki ne, zuciyarsa za ta karkata ga cewa unguwar cike take da ɓarayi. Haka abin yake a daji. A misali, idan masu aikin kare dajin suka rubuta cewa da ba don su ba dajin zai riƙa rasa kashi 2 cikin 100 kowace shekara, alhali a gaskiya rabin kashi ɗaya zai rasa, to takardun da za su sayar za su ninka na gaskiya nesa ba kusa ba, kuma babu itace ko ɗaya da aka ƙara cetowa. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne mai aikin ne yake biyan mai binciken da zai tantance lissafinsa, hukumar da ke yi wa takardun rajista tana karɓar ladanta a kan kowace takarda da ta fito, dillali yana son kaya su yi yawa, mai saye yana son su yi arha, saboda haka a duk jerin babu wanda aljihunsa zai yi kuka idan an kumbura adadin.

A watan Janairun 2023 jaridar Guardian ta Birtaniya da Die Zeit ta Jamus, tare da ƙungiyar ƴan jarida masu bincike ta SourceMaterial, suka wallafa cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun kurmi da hukumar Verra ta tantance, wadda ita ce mafi girma a wannan fage kuma mazauninta yana Washington, da alama ba su wakiltar wani ragi na gaskiya. Verra ta musanta, ta ce hanyar lissafin masu binciken ba daidai ba ce, amma cikin ƴan watanni shugabanta ya sauka, ta kuma sake tsarin lissafinta. A watan Agustan 2023 mujallar kimiyya ta Science ta fitar da nazarin ayyuka 26 a ƙasashe shida, ya nuna cewa a cikin waɗanda aka samu cikakkun bayanansu, kusan kashi 6 cikin 100 kaɗai na takardun ne suke da ragi na gaskiya a bayansu. Aikin Kariba na Zimbabuwe, mai faɗin hekta kusan 785,000, wanda manyan kamfanonin Turai suka yi ta sayen takardunsa, shi ma ya shiga cikin zargin kumbura lissafi, har kamfanin South Pole da ke dillancinsa ya janye hannunsa a Oktoban 2023. Kasuwar da ta kai kusan dalar Amurka biliyan 2 a 2021 sai ta faɗo ƙasa da miliyan 800 a 2023. Hukumar kula da talla a Holan ta riga ta ce wa Shell tun 2021 tallarsa tana ɓatar da mutane, wata kotu a Amsterdam ta yanke irin wannan hukunci a kan kamfanin jirage na KLM a Maris ɗin 2024, Tarayyar Turai kuma ta yi dokar da za ta hana, daga Satumban 2026, a rubuta a jikin kaya cewa ba su da hayaƙi idan da sayen takardu aka kai ga hakan.

Ko da lissafin ya yi daidai, akwai sauran matsaloli biyu da mutumin Damagaram zai gane nan take. Idan aka hana masu itace shiga daji ɗaya, matan gari ba za su daina girki ba, amalanken itace za su karkata ne zuwa dajin da ke gaba, saran ya ƙaura kawai. Sannan iskar da ta fito daga fetur tana iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru a sama, itacen da aka ce ya rama ta kuwa gobara ɗaya ko fari ɗaya ya isa ya kwantar da shi, kamar yadda gobarar jihar Oregon ta 2021 ta cinye wani yanki na dajin da aka riga aka sayar da takardunsa. Shi ya sa masu kuɗi irin Microsoft suka fi karkata yanzu ga takardun dashen sabon daji, inda ake iya ƙirga itacen da ya tsiro, wasu kuma suka koma ƙulla ciniki da ƙasa ɗungurungum maimakon yanki guda.

Ra'ayina a kai shi ne, kuɗin da ya isa hannun masu zaune a bakin daji ya sa suka bar shi a tsaye alheri ne, kuma duniya tana buƙatar ninkinsa. Inda nake da ja shi ne a wurin cirewar da kamfani yake yi daga lissafinsa. Na sha jin ana kwatanta abin da kaffara, amma malamanmu sun koya mana cewa kaffara tana tafiya ne da tuba da barin laifin, wanda kuwa yake biya kowace shekara domin ya samu damar ci gaba da abin da yake yi, sunan abin da yake biya kuɗin izini. Saboda haka, Alhaji, kamfanin bai tafi hannu rabbana ba, ya tafi da ikon faɗa wa masu sayen kayansa da masu ba shi bashi da gwamnatinsa cewa ya sauke nauyi, a kan farashin da bai taɓa ribarsa ba.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce. Mahaifina da maƙwabtansa sun fi shekara talatin suna renon gawo a gonakinsu, har gonar da a da babu inuwar da za a ajiye jariri a cikinta yanzu ta cika da itatuwa. Shin su ma suna da rabo a wannan kuɗi?

Daga wata mai karatu, Matamaye

AMSA: Malama, Allah ya saka wa Baba da alheri, shi da ire-irensa, domin aikin da suka yi yana cikin mafi girman farfaɗo da ƙasa da aka gani a Afirka. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture a lokacin sassabe, suka riƙa zaɓar masu ƙarfi suna yi musu aski suna bari su girma. A Maraɗi wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa dabarar tun daga 1983, a yankinku kuwa na Mirriya da Magarya da Matamaye galibi manoma ne suka ɗauki abin da kansu. Masana da suka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a faɗin ƙasar, daga ciki kusan hekta miliyan 1 a waɗannan yankuna uku. Darajar gawo ma ba sabon abu ba ce a nan, tunda ana riwayar cewa a zamanin Sarki Tanimu hukuncin sare shi mai tsanani ne ƙwarai.

Sai dai amsar da zan ba ki ba mai daɗi ba ce. Ƙa'idar wannan kasuwa ita ce ba a biyan abin da zai faru ko da ba a biya ba. Mai saye yana son a tabbatar masa cewa kuɗinsa ne ya sa itacen ya tsaya, itatuwan Baba kuwa sun tsaya tun kafin kowa ya yi maganar kabon, saboda shi da kansa ya ga gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya ba shuka rana da taki, ya kuma ba dabbobi ƴaƴansa da rani. A idon kasuwar, wannan aiki ya riga ya wuce, ba shi da farashi. Wanda ya bar gonarsa fayau, shi ne yake da abin sayarwa idan ya fara reno gobe, haka ma ƙasar da ta fi kowa saran daji ta fi samun abin da za ta ce ta rage. Wannan yana cikin abubuwan da suka fi ba ni takaici a tsarin, musamman idan aka tuna cewa hayaƙin da ɗan Nijar yake fitarwa daga mai da gas bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na tan a shekara ba, na Ba'amurke kuma ya kai tan 14.

Ga sabon reno ko sabon dashe akwai hanya, kuma an taɓa bin ta. A Humbo ta ƙasar Habasha an ɗauki wannan dabara ta Nijar aka farfaɗo da hekta kusan 2,700, aka yi wa aikin rajista a 2009, asusun kabon na Bankin Duniya ya sayi takardunsa. A nan gida ma, wasu ƙauyuka 26 sun dasa dakwara, itacen ƙaro, a kan hekta kusan 7,200 tun daga tsakiyar shekarun 2000, kuma a 2020 aka biya su kuɗin kabon na farko, dalar Amurka 450,000. Adadin yana da daɗin ji, amma idan kika raba shi da faɗin filin za ki samu kusan dalar Amurka 62 a kowace hekta, abin da bai kai jika 40 na sefa ba, bayan jira na fiye da shekara goma. Dalili shi ne ƙasarmu busasshiya ce, itace yana girma a hankali kuma a warwatse. Hekta ɗaya a kurmin Kwango tana iya riƙe sama da tan 100 na kabon, ta gonakinmu kuwa tan kaɗan ce, alhali kuɗin masu awo da masu tantancewa da rajista kusan ɗaya ne, kuma a kan cire su kafin a zo kan manomi, shi ya sa ba a rasa ganin kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Manomi ɗaya ba zai iya shiga shi kaɗai ba, sai an haɗa dubbai a ƙungiya guda. Idan aka auna da ƙarin hatsi kimanin tan 500,000 a shekara da masana suka danganta da renon itatuwa a Nijar, ga harawa, ga itacen girki da mata suka huta da tafiya nesa nemansa, za a ga cewa abin da gawo ya riga ya biya Baba ya fi abin da kamfani zai biya shi.

TAMBAYA: Malam, wasu baƙi sun zo garinmu da takardu da Faransanci, suna so mai gari, wanda yake kawuna ne, ya sa hannu a kan aikin kabon a dajin da ke gabas da gari. Sun ce ba sayen fili za su yi ba. Ya sa hannu ko ya dakata?

Daga wani mai karatu, yankin Magarya

AMSA: Ɗan'uwa, ka gaishe da Mai Gari, ka roƙe shi ya dakata har sai an karanta masa takardar da Hausa, sakin layi bayan sakin layi, a gaban jama'a, domin ba a cinikin biri a sama. Mai yiwuwa ne gaskiya suka faɗa cewa ba filin za su saya ba, amma irin wannan yarjejeniya takan ɗaure yadda za a yi amfani da fili har shekara 30 ko 40, kuma wanda aka hana shi kiwo da yankan itace a wuri tsawon wannan lokaci, mallakar da ta rage masa ta suna ce. A 2023 wani kamfanin Dubai mai suna Blue Carbon ya nemi ikon kabon a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasar Laberiya na tsawon shekara 30, aka yi ta ƙorafi cewa ba a tuntuɓi mazauna dazuzzukan ba.

Dajin gari ba na mai gari ba ne shi kaɗai. Matan da ke samo itace da ganyen miya a ciki, da makiyayan da burtalinsu ya ratsa ta wurin, duk abin zai shafe su, saboda haka a kira arɗo da wakilan mata tun kafin a sa hannu. Tsarin dokokin karkara na 1993 ya kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda muke kira kofo, a nemi ta ƙaramar hukumarku ta shigo cikin maganar tare da ma'aikatan gandun daji, a kuma tuna cewa dokar da gwamnati ta fitar a Yulin 2020 ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya rena a gonarsa. A tambayi baƙin wace hukuma ce za ta yi wa aikin rajista, wa zai sayi takardun, a kan nawa, kuma kashi nawa ne zai iso gari, kafin a cire kuɗin aiki ko bayan an cire, domin tazarar da ke tsakanin biyun tana da yawa. Don ku samu ma'auni, Guyana ta ware wa al'ummominta na asali kashi 15 cikin 100, ƙa'idojin Kenya na 2024 kuma sun sa kashi 40 ga al'umma a ayyukan da ake yi a kan filayenta. Sannan a sa su nuna da yatsa layin da ya faɗi wanda zai ɗauki asara idan fari ko gobara ta kashe itatuwan a shekara ta goma, ko kamfanin ne ko mutanen gari, kuma a bar wa Mai Gari kwafin takardar a hannunsa kafin su tashi.